Babi na Biyar: An Soke Sarauta, Gidaje Suka Ci Gaba da Gado

A 1787 wakilan jihohin Amurka sun yi kusan wata huɗu a birnin Philadelphia suna cacar baki a kan kundin tsarin mulki. Sun yi sa-in-sa a kan rabon kujeru, a kan haraji, a kan yadda za a ƙidaya bayi. Magana ɗaya ce ta wuce salin alin: gwamnatin tarayya ba za ta naɗa kowa sarauta ba, haka ma jihohi. Mutanen da suka yi shekara takwas suna yaƙi da Sarki George na Uku ba su da marmarin sake ganin mai mulkin gado. Ko a 1783, da hafsoshin da suka yi yaƙin suka kafa ƙungiyarsu ta Cincinnati, suka ce babban ɗan kowane memba ne zai gaji gurbinsa, sai da aka yi musu ca, ana cewa sarauta ce suke son shigowa da ita ta bayan fage.

To amma a dubi waɗanda suka karɓi ragamar sabuwar gwamnatin. Ranar 30 ga Afrilu, 1789, Robert R. Livingston ne ya rantsar da George Washington a birnin New York. Alƙalin Alƙalai na farko, John Jay, surukin gidan Livingston ne. Antoni Janar na farko, Edmund Randolph, da Sakataren Harkokin Waje na farko, Thomas Jefferson, kakan iyayensu ɗaya ne. Sakataren Kuɗi, Alexander Hamilton, shi ne baƙo a cikinsu, maraya daga tsibirin Nevis, amma shi ma tun 1780 ya auri 'yar Janar Philip Schuyler, wanda gidansu ya daɗe yana auratayya da gidan Livingston.

Kundin ya hana laƙabi, bai taɓa abubuwa uku da ke miƙa iko daga uba zuwa ɗa ba: gona, aure da ilimin shari'a. Ta waɗannan hanyoyi 'yan gidaje kaɗan suka riƙe ƙasar kusan shekara hamsin. Abin mamakin kuma shi ne, dokokin da 'ya'yan gidajen suka rubuta da hannunsu, da kotunan da suka zauna a ciki, su ne suka riƙa zaftare gatan nasu.

Gandun Livingston

Robert Livingston na farko an haife shi a Scotland a 1654. Mahaifinsa limamin coci ne da ya yi gudun hijira zuwa Holan, don haka yaron ya tashi yana jin Holanci da Ingilishi. Wannan shi ne jarinsa. Da ya isa garin Albany, inda mazauna ke Holanci amma masu mulki Ingilishi suke yi, sai ya zama ba a iya komai ba tare da shi ba. A 1679 ya auri Alida Schuyler, bazawarar wani ɗan gidan Van Rensselaer, ya shiga cikin manyan gidaje biyu da aure ɗaya. A 1686 gwamna ya ba shi takardar mallakar gandu a gefen kogin Hudson, wanda ya kai eka 160,000. Manoman da ke zaune a ciki haya suke biya, ƙasar ba tasu ba ce. Daga 1715 gandun ya samu kujerarsa ta kansa a majalisar yankin. Bayi na cikin masu aikin gidan, kuma ɗansa Philip ya zuba kuɗi a jiragen fataucin bayi daga Afirka.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jikan Robert, shi ma Philip, ya sa hannu a takardar ayyana 'yancin kai a 1776. Wani jikan, William, ya yi gwamnan New Jersey daga 1776 har ya rasu a 1790, kuma ya sa hannu a kundin tsarin mulki. 'Yar William, Sarah, ita ce matar John Jay. Ɗan William, Brockholst, ya zauna a Kotun Ƙoli daga 1807 zuwa 1823, kuma wanda ya gaji kujerar, Smith Thompson, shi ma 'yar gidan Livingston ya aura. Robert R. Livingston, wanda ya rantsar da Washington, shi ne jakadan da ya yi cinikin yankin Louisiana daga hannun Napoleon a 1803, tare da James Monroe, a kan dala miliyan 15. Cinikin ya kusan ninka girman Amurka.

Me ya sa lauyoyi da alƙalai suka yi yawa a irin waɗannan gidaje? A wancan zamani kusan babu makarantar koyon shari'a. Saurayi yakan biya kuɗi ya zauna a ofishin wani lauya, yana kwafar takardu da hannu, yana karanta littattafan maigidansa, har a yarda ya iya. Littattafan daga Landan ake sayo su, da tsada. Wanda mahaifinsa ko kawunsa ke da ɗakin littattafai da abokan hulɗa ya riga ya yi nisa kafin ɗan talaka ya ɗaura ɗamara. Ga shi kuma mai gandu kullum yana cikin rigimar iyaka da haya da bashi, lauya a cikin gida ya fi na haya sauƙi da amana.

Zuriya ɗaya, kujeru huɗu a shari'a ɗaya

A Virginia taba ce ta yi arzikin manyan gidaje, bayi ne suka noma ta. William Randolph da matarsa Mary Isham, waɗanda suka zauna a gefen kogin James a ƙarshen ƙarni na 17, sun haifi 'ya'ya da yawa, suka aurar da su a manyan gidaje, har zuriyarsu ta mamaye siyasar yankin. Ɗansu John ya shugabanci majalisar Virginia. Ɗan John, Peyton, ya yi Antoni Janar na yankin, daga baya shi ma ya shugabanci majalisar, sannan a 1774 ya zama shugaban farko na taron wakilan yankunan da suka tunkari Ingila. Da Peyton ya bar kujerar Antoni Janar a 1766, ƙaninsa John ne ya hau.

Yaƙi ya raba gidan. John ƙarami ya tsaya a bayan sarki, ya kwashe iyalinsa ya koma Ingila a 1775. Ɗansa Edmund ya ƙi binsa, ya tafi sansanin Washington ya zama ɗaya daga cikin hadimansa. Shekara ɗaya bayan haka sabuwar jihar Virginia ta naɗa Edmund Antoni Janar. Sarki ya tafi, kujerar ba ta bar gida ba.

Jefferson tattaɓa-kunnen William Randolph ne ta wajen uwa. John Marshall, wanda ya yi Alƙalin Alƙalai daga 1801 zuwa 1835, shi ma jininsu ne ta wajen uwa. Dukansu sun ɗauki karatu a wurin malami ɗaya, George Wythe. Duk da haka ba sa ga maciji da juna. Jefferson na son ƙarfi ya zauna a jihohi, Marshall na son gwamnatin tarayya mai ƙarfi. Marshall ne ya rantsar da Jefferson a matsayin shugaban ƙasa a Maris 1801, kuma shi ne a 1803, a shari'ar Marbury da Madison, ya kafa hujjar cewa kotu na da ikon soke dokar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Rigimar ta kai ƙoli a 1807, da aka gurfanar da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr a birnin Richmond bisa zargin cin amanar ƙasa. Mai neman a hukunta shi Jefferson ne. Alƙalin da ya saurari ƙarar Marshall ne. Shugaban masu tantance tuhumar John Randolph na Roanoke ne. Cikin lauyoyin da suka kare Burr akwai Edmund Randolph. Mutum huɗu daga tsatso ɗaya, kowa da kujerarsa. Marshall ya aika wa shugaban ƙasa sammacin gabatar da takardu, ya kuma tsaya a kan cewa kundin ya shar'anta shaidu biyu a kan aikin cin amana na zahiri. Aka wanke Burr. Da zumunci ne ke yanke hukunci a wannan zuriya, da ba a ga haka ba, kuma gabar da ke tsakaninsu ta taimaka wajen nuna cewa kotu ba 'yar amshin shatan fadar shugaban ƙasa ba ce.

Jefferson ɗin nan ne kuma ya kai wa tushen arzikin danginsa sara. Akwai tsohuwar dokar Ingila da ke ba mai gandu damar ƙulle shi, ba a sayarwa, ba a rabawa, sai dai ya bi zuriya a dunƙule. Akwai wata kuma da ke ba babban ɗa namiji duk ƙasar idan uba ya mutu bai bar wasiyya ba. Jefferson ya kai ƙudurin soke ta farko a 1776, ta biyun kuma ta faɗi a 1785 ta hanyar dokar da ya tsara. Daga nan gandu ya fara raguwa da kowane rabon gado, masu bin bashi kuma suka samu hanyar shiga.

'Ya'yan da doka ta hana gado

Cikin shekara 36 na farko, 'yan Virginia sun yi 32 a kan mulki: Washington, Jefferson, Madison, Monroe. Akan ce babu wanda ya bar ɗa namiji da zai gaje shi a cikinsu. Maganar ba ta cika ba. Yawancin masana tarihi a yau sun yarda Jefferson ne uban 'ya'yan baiwarsa Sally Hemings, kuma gwajin ƙwayoyin halitta na 1998 ya ƙarfafa haka. Sally kanta 'yar surukinsa John Wayles ce, wato ubansu ɗaya da matarsa Martha.

A ƙasar Hausa ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta. Virginia akasin haka ta yi. Dokarta ta 1662 ta ce yaro matsayin uwarsa yake bi: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da ubangidan ne ya haife shi. Don haka 'ya'yan Sally, Madison da Eston Hemings, masu jinin Randolph kamar kowa, sai a wasiyyar Jefferson suka samu 'yanci. Ashe jini kaɗai bai taɓa isa ba. Doka ce ke faɗin jinin da za a lissafa, lauyoyin gidajen kuma su ke rubuta dokar. Jefferson ya mutu a 1826 da bashin fiye da dala dubu 100, kuma a farkon 1827 aka yi gwanjon bayi kusan 130 na gidansa na Monticello domin biyan masu bin bashi.

Gidan da ya gaji aiki

Gidan Adams na Massachusetts ba shi da gandu, ba shi da bayi. An haifi John Adams a 1735, ɗan manomi mai ɗinkin takalma. Ya gama Harvard a 1755, ya yi malanta, ya koyi aikin lauya a ofishin wani a garin Worcester. Aurensa da Abigail Smith a 1764 ne ya haɗa shi da tsohon gidan Quincy, dangin mahaifiyarta.

Sunansa ya fito ne ta hanyar da ba a zata ba. Ranar 5 ga Maris, 1770, sojojin Ingila suka buɗe wuta a kan taro a Boston, mutum biyar suka mutu. Gari ya harzuƙa. Adams, wanda ke adawa da manufofin Ingila, ya yarda ya kare sojojin, domin a ganinsa kowa na da haƙƙin samun lauya. Abokin aikinsa Josiah Quincy ne, mai gabatar da ƙara kuma Samuel Quincy, yayan Josiah. Aka wanke kyaftin ɗin da sojoji shida, biyu aka same su da laifin kisa ba da gangan ba. Adams ne ya tsara kundin tsarin mulkin Massachusetts na 1780, wanda har yau ake aiki da shi, ya yi jakada na farko a Landan, ya yi shugaban ƙasa daga 1797 zuwa 1801. Shi ya naɗa Marshall, shi kuma ya kai Bushrod Washington, ɗan ƙanin George Washington, Kotun Ƙoli.

Abin da ya bar wa ɗansa John Quincy horo ne. Yana ɗan shekara goma uban ya tafi da shi Faransa a 1778. Yana da sha huɗu aka tura shi Rasha a matsayin tafintan wakilin Amurka, saboda Faransancinsa. Washington ya naɗa shi jakada a Holan a 1794. Ya yi sanata, ya yi jakada a Rasha da Ingila, yana cikin waɗanda suka ƙulla sulhun Ghent a 1814, sannan ya yi Sakataren Harkokin Waje shekara takwas, inda ya karɓo Florida daga Sifaniya a yarjejeniyar 1819.

Da tsufa ya zo, John Adams da Jefferson suka shirya bayan doguwar gaba, suka riƙa musayar wasiƙu. A 1813 suka tattauna wannan batu kai tsaye. Jefferson, ɗan babban gida, ya ce idan aka bar mutane su zaɓa, za su fifita masu nagarta da basira a kan masu dukiya da asali. Adams, ɗan mai ɗinkin takalma, bai yarda ba. A ganinsa kyau da dukiya da sunan gida sukan rinjayi basira da nagarta a kowane zamani, don haka gara a san da zamansu a yi musu takunkumi da doka.

Zaɓen 1824 ya gwada su biyun. Andrew Jackson ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 99, John Quincy ya samu 84, babu mai rinjaye. Majalisar wakilai ta zaɓi Adams da goyon bayan Henry Clay, shi kuma ya naɗa Clay Sakataren Harkokin Waje. Magoya bayan Jackson suka ce an yi cinikin kujera. Jackson da John Quincy shekararsu ɗaya, dukansu 'yan 1767 ne, amma lokacin da John Quincy ke fadar Rasha, Jackson ya riga ya sha zaman fursuna a hannun sojojin Ingila, ya rasa uwa da uba da 'yan'uwa. A 1828, bayan jihohi da dama sun janye sharaɗin mallakar dukiya ga farar fata maza masu zaɓe, Jackson ya kayar da shi da 178 a kan 83.

Mafi kyawun aikin John Quincy bayan faɗuwar ne ya zo. A 1831 ya koma majalisar wakilai a matsayin memba kamar kowa. Ya yi shekara takwas yana yaƙar ƙa'idar da ta hana sauraron koke-koke a kan bauta, har aka soke ta a 1844. A 1841, yana da shekara 73, ya tsaya a gaban Kotun Ƙoli yana kare 'yan ƙabilar Mende daga Saliyo, waɗanda suka ƙwace jirgin Amistad a 1839 ƙarƙashin Sengbe Pieh. Kotu ta ce 'ya'ya ne ba bayi ba, an sato su ne, kuma 35 da suka rayu suka koma Saliyo a 1842. A zauren majalisa ya yanke jiki ya faɗi a Fabrairu 1848, ya rasu bayan kwana biyu.

Nauyin sunan ya karya wasu. Charles, ƙanin John Quincy, giya ta kashe shi a 1800. Babban ɗan John Quincy ya faɗa teku daga jirgi a 1829, na biyu ya rasu a 1834. Na ukun, Charles Francis, shi ya ɗauki tutar. Shugaba Lincoln ya tura shi jakada Landan a 1861, lokacin yaƙin basasa, kujerar da ubansa da kakansa suka riƙe, inda ya yi ta faman hana Ingila amincewa da 'yan awaren kudu.

Yadda gatan ya zube

Babu juyin juya hali da aka yi wa waɗannan gidaje. Sannu a hankali ƙasa ta zame musu. A 1807 Robert R. Livingston da Robert Fulton suka fara tafiyar da jirgin ruwa mai aiki da tururi daga New York zuwa Albany, majalisar jihar kuma ta ba su ikon su kaɗai za su yi wannan sana'a a ruwan New York. Kotunan jihar suka tabbatar musu. A 1824 ƙarar Gibbons da Ogden ta isa gaban Marshall, ya yanke cewa ciniki tsakanin jihohi hurumin majalisar tarayya ne. Ɗan gidan Randolph ya rushe gatan gidan Livingston, jirage suka cika kogin, kuɗin tafiya ya faɗi. Daga 1839 manoman haya na gefen Hudson suka yi bore suka ƙi biya, kuma kundin New York na 1846 ya soke tsohon tsarin gandu.

A Virginia bashi ne ya yi aikin. Gidan Lee, wanda ya ba da 'yan'uwa biyu da suka sa hannu a takardar 'yancin kai, ya ga Henry Lee, jarumin yaƙi kuma tsohon gwamna, a kurkukun masu bashi a 1809. Ɗansa Robert E. Lee ya tashi a talauce, ya shiga soja, daga baya ya jagoranci rundunar kudu a yaƙin basasa.

Masu wayo a cikinsu suka sauya riga. Edward Livingston ya manne wa Jackson tun yaƙin New Orleans na 1815, har ya zama Sakataren Harkokin Wajensa a 1831. William Henry Harrison, ɗan wanda ya sa hannu a takardar 'yancin kai, haifaffen katafaren gidan gandun Berkeley, a zaɓen 1840 aka tallata shi a matsayin talakan da ke zaune a bukkar katako. Ya ci zaɓe, ya rasu wata ɗaya bayan rantsuwa, jikansa Benjamin kuma ya hau kujerar a 1889. Suna bai daina amfani ba, kamar yadda Adams ya faɗa. Amma yanzu mai sunan dole ya je gaban masu ƙuri'a, har ya ɓoye asalinsa, kamar yadda Jefferson ya yi fata.

Shari'ar jiragen nan ta bar wani abu da alƙalan ba su hango ba. Matuƙin jirgin Thomas Gibbons, wanda ya sha zille wa masu kama shi a tashar New York, wani saurayi ne daga tsibirin Staten da ya bar makaranta yana ɗan shekara 11. Sunansa Cornelius Vanderbilt. Bai karanta shari'a ba, bai nemi kujera ba, kuma da ya rasu a 1877 ya bar dukiyar da ta kai dala miliyan 100 daga jiragen ruwa da na ƙasa. Gidaje irin nasa ba sa tura 'ya'yansu su zama alƙalai da sanatoci. Lauyoyi suke ɗauka haya, 'yan majalisa kuma su zo su same su. Labarinsu shi ne babi na gaba.